"Tunda An Riga An Kwance": Gyaran Tsohuwar Mota Da Ba Ya Ƙarewa

 

Yau maganar mota za mu yi, amma ba sabuwa ba. Kusan kowace unguwa akwai irin motar da nake nufi. Tana ƙarƙashin darbejiya ko a bayan gareji, an ɗora ta a kan bulo huɗu, an lulluɓe ta da tamfol, kaji suna kiwo a ƙarƙashinta. Ka tambayi mai ita, zai ce maka, "Ai gyara ake, saura kaɗan." Ka dawo bayan shekara uku, saura kaɗan ɗin dai yana nan.

Abin da ya sa na ɗauko maganar, na ga matasanmu sun fara sha'awar tsofaffin motoci. Ana ɗaukar hoton biki da su, ana sa su a bidiyo, wasu kuma suna kallon Turawa a YouTube suna ɗauko mota daga juji, cikin minti ashirin ta dawo kamar yau aka fito da ita daga kamfani. To ɗan'uwa, minti ashirin ɗin nan wani lokaci aikin shekara biyu ne aka matse. Ba a nuna maka ranar da kuɗi suka ƙare, ba a nuna maka ranar da mai fenti ya kashe waya.

Bari mu ɗauki motar da kowa ya sani, Fijo 504. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1968, a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 ta ci tseren Safari na Gabashin Afirka, tseren da ke karya motoci kamar kara. A wannan shekarar ce kuma kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa motoci. Turai ta daina yin 504 tun 1983, amma mu a nan ba a daina ba sai 2006. A wancan zamanin ita ce motar gwamnati, ita ce motar alhazai, wagon ɗinta ce ke jigilar Kano zuwa Jos, a-kori-kurarta ce ke kai buhunan masara kasuwa. Shi ya sa idan saurayi ya ce zai tayar da 504, yawanci ba mota kawai yake nema ba. Motar Baba ce, ko ta Kaka.

Kuma mota ce mai sauƙin sha'ani. Babu kwamfuta a cikinta, babu na'urorin da sai an jona kafin a gane ciwonta. Sauƙin nan ne ma yake yaudarar mutum. Kana dubanta ka ce, wannan wata biyu ya ishe ta.

To ga yadda abin yake faruwa. Ku biyo ni a hankali, don nan ne gundarin maganar.

An tayar da mota, ta ɗauka, kowa ya yi murna. An ɗan zaga da ita sai ta fara zafi, ruwan lagireto yana tafasa. Bakanike ya duba ya ce gasket ɗin sama ne ya ƙone. Ƙaramin aiki, kwana biyu. An kwance kan injin, an ɗora ƙarfen awo a fuskarsa, sai aka ga ya ɗan lanƙwashe, don kan injin 504 alminiyam ne, zafi yana murɗa shi. Dole a kai wa masu injin su share fuskar. To tunda kan yana ƙasa, ai gara a gyara bawul gaba ɗaya, ko ba haka ba? Haka ne.

Sai bakanike ya leƙa cikin silinda, ya sa farce ya ji gaɓa a bakin sama. Alamar ta ci. Ya ce, "Oga, tunda an riga an kwance, a sa ringi." Ba a fitar da fistin sai an sauke kaskon mai na ƙasa. An sauke, an ɓalle metal, an ga ya cinye har ya fara zanen kiranshaf. Kuma injin nan yana da wani hali: silindojinsa ba a jikin bulo aka huda su ba, silib ne ake zurawa, ruwa yana zagaye su, akwai abin toshiya a gindin kowanne. Idan kan injin yana cire, yaro ya juya injin ba tare da an danne silib ɗin ba, sai su motsa, toshiyar ta saki, gobe ruwa ya haɗu da baƙin mai. Don haka bakanike mai hankali zai ce a canja su duka a huta. Yanzu fa injin ya fito daga mota, yana rataye a sarƙa.

Tunda injin ya fito, kuloci ga shi nan a fili. Idan ba a canja shi yanzu ba, wata shida masu zuwa sai an sake biyan kuɗin kwancewa. A canja. Tunda ɗakin injin babu komai, ai yanzu ne damar yi masa fenti. Ba a fenti a kan wayoyi, a zare su. Ana zarewa robar jikinsu tana farfashewa kamar ƙanzo, shekara arba'in tana shan zafi. A kira mai waya. Mai waya ya ce ba zai yi rabin aiki ba, sai an cire dashbod. An cire dashbod, an ɗaga kafet, sai ga titi ana hangowa ta ƙasan ƙafar direba.

Mutumin da ya kawo mota don gasket, yau yana tsaye a gaban ƙwarangwal.

Abin da nake so ku lura da shi, a duk jerin nan babu inda aka yi wauta. Kowane mataki, in ka ɗauke shi shi kaɗai, daidai ne. Bakaniken bai cuce ka ba, gaskiya ya faɗa: kuɗin kwancewa sau ɗaya ya fi na sau biyu sauƙi. Tarkon ke nan. Shawara goma masu kyau, ka jera su, su ba ka motar da ba za ta sake hawa titi ba. Kalmar "tunda" ɗin nan ta kashe motoci fiye da hatsari, a ganina.

Sai tsatsa. Ita tsatsa munafuka ce, daga ciki take cin ƙarfe. Ɗan kumburin da ka gani a fenti kamar ƙurji, in aka kankare sai ka ga rami kamar tafin hannu. Ruwa yana shiga ta robar gilashi da ta bushe, ya kwanta a ƙasan ƙofa, a ramin safaya, a ƙarƙashin kafet. Mu a Arewa mun ɗan yi sa'a, iskarmu busasshiya ce, motar da ta yi rayuwarta a Katsina ko Maraɗi ba ta ruɓewa kamar wadda ta zauna a Legas kusa da teku, ko wadda aka kawo daga Turai inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Amma abin da ruwa ya bar mana, rana ta karɓa. Ta fasa dashbod, ta ƙone kushin, ta mayar da duk wata roba gari. Kuma akwai tsohon aikin da za ka tarar a ɓoye: wani mai gyaran bodi a shekarun baya ya cika rami da fila maimakon walda, ya shafe da fenti. In za ka sayi tsohuwar mota, tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu. Inda ya ƙi kamawa a jikin bodi, ba ƙarfe ba ne a wurin.

Akwai kuma wata cuta, wannan ta ido ce. An yi wa mota sabon fenti, tana ƙyalli. Jiya bamba ɗin nan ba ka ga laifinta ba, yau kusa da sabon fenti ta zama abin kunya. A nemo wata. An sa sabuwar bamba, sai fitilu suka yi dishi-dishi. An canja fitilu, sai tayoyi. Wani masanin falsafa Bafaranshe, Denis Diderot, ya yi rubutu a kan wannan tun ƙarni na 18. An ba shi kyautar sabuwar riga mai tsada, da ya sa ta sai kujerarsa ta zama tsohuwa a idonsa, ya canja, sai tebur, sai kayan bango, har ya shiga bashi. Mu ma mun san abin. Ka ɗinka sabuwar shadda ranar Sallah ka ga ko tsohuwar hularka za ta zauna a kai.

Amma babban dalilin da ya sa aikin ba ya ƙarewa, wanda mutane ba su cika lissafawa ba, shi ne mota ba ta jira. Mu muna ɗauka in an ajiye ta, tana nan yadda aka bar ta. Ina! Mota a tsaye ta fi mota mai tafiya saurin lalacewa. Man birki yana tsotsar danshi daga iska, ya tsatsar da bututu daga ciki. Fetur in ya daɗe yana zama kamar ƙaro, ya toshe kafireta. Batir ya mutu. Tayoyi su tsattsage ko ba su taka ƙasa ba. Robobin da ke tare mai su bushe saboda mai ba ya zagayawa. Ɓeraye kuma su samu gidan haya kyauta, su ci kushin, su yi ƙari da sabbin wayoyin da ka biya. Wato birkin da ka gyara a shekarar farko, kafin mai fenti ya gama a shekara ta huɗu, ya sake mutuwa. Kana gyara gaba, baya tana warwarewa. Ba layi kake bi ba, da'ira ce.

Mu zo kan gareji. Na san wasu za su ce duk laifin makanikai ne. Ni ban yarda ba, ko in ce ban yarda duka ba. Ka sa kanka a matsayinsa. Ga direban haya a tsaye, motarsa ce abincinsa, zai biya yau kafin la'asar. Ga taka, wadda kai da bakinka ka ce masa "ba sauri nake ba, a yi a hankali." Wa zai fara dubawa? Ranar da ka furta kalmar nan, ranar ka koma ƙarshen layi.

Kuma motar da aka kwance ta daɗe a gareji tana zama rumbu. Wata 504 ta shigo da matsalar kik, a ce a ari na waccan, gobe a mayar. Goben ba ta zuwa. Notuna da kusoshi an zuba su a gwangwanin madara, gwangwanin ya kife da damina. Yaron da ya kwance dashbod, shi kaɗai ya san inda kowace waya take, an yaye shi ya tafi Abuja, ko ya sayi Keke ya bar sana'ar. Wani abokina da motarsa ta shekara uku a haka, ranar da ya je ɗaukar kayanta a buhu biyu aka ba shi, kuma da aka zazzage har da fitilar wata motar daban a ciki. Dattawan da ke saita kafireta da kunne, su ji ƙarar injin su ce maka fulogi na uku ne, suna ta raguwa. Yaran yanzu sun ƙware, amma a kan na'urar da ake jonawa ta faɗi ciwo. Ba laifinsu ba ne, abin da kasuwa ke kawo musu ke nan.

Kayan gyara kuwa, na injin da na ƙafa har yanzu ana samu in ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, duk da sai ka iya bambance na asali da jabu. Wahalar tana ƙananan abubuwa: robar gilashi, marikin ƙofa, fitilar baya ta asali, ɗan zakin nan na gaba. Dubban motocin da za a ciro su a jiki, 'yan gwangwan sun riga sun yanka sun auna a kilo. Daga nan ne wani zai ba ka shawara, "Ka sayi wata matacciya ka riƙa cirar kaya." Ka sayo. Ka zagaya ta, ka ga ai bodinta ma ya fi na taka kyau, yanka wannan ai zalunci ne. Shi ke nan, motoci biyu a kan bulo.

Duk wannan fa kuɗi ne, kuma kuɗin ba ya tsayawa wuri ɗaya. Wanda ya yi lissafin aikinsa a farkon 2023, lokacin dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. Fenti, fila, ringi, taya, kusan duk daga waje suke zuwa. Ko ba ka ƙara komai a aikin ba, jinkiri kaɗai ya ninka maka shi.

Masana halayyar ɗan Adam biyu, Daniel Kahneman da Amos Tversky, sun bayyana a 1979 cewa mutum in zai ƙiyasta lokacin da aiki zai ɗauka, yakan hango hanyar da komai zai tafi daidai, ya manta yadda irin aikin ya kaya wa wasu. Maganin da suka nuna mai sauƙi ne: kada ka tambayi kanka, ka tambayi waɗanda suka riga ka. Je ka sami mutum uku da suka tayar da tsohuwar mota, ka ce wata nawa suka ɗiba da farko, wata nawa ta ci. Amsarsu ita ce lissafinka, ba abin da ka rubuta a waya ba.

In an yi nisa kuma sai wata magana ta shigo: "Na kashe da yawa, ba zan tsaya yanzu ba." Ga shi mota a kwance ba ta da kasuwa. Wadda ka saya tana tafiya, in ka tallata ta a buhuna, rabin kuɗin ma sai an yi maka alfarma. Gaba kura, baya sayaki. Nan ne abin yake daina zama wasa. Na ga inda kuɗin lefe ya shiga injin. Na ga inda maigida yake ɓoye rasit kamar mai ƙara aure, uwargida kuma ta sa wa motar suna kishiya.

Akwai wata magana da ba na so in tsallake, ta gado. Idan motar marigayi ce, ba taka ba ce kai kaɗai don kai ne mai sha'awa. Haƙƙin magada ne gaba ɗaya, har da mata, har da ƙananan yara. Lokacin da take ƙarƙashin bishiya babu wanda zai kula ta. Ranar da ta fito tana walƙiya, ranar za a tuna cewa ba a raba gado ba. Kafin ka sa naira ɗaya, a zauna, a yi mata kuɗi yadda take a yanzu, a sa ta a rabonka ko ka biya, a rubuta da shaidu. Ka duba takardunta ma, lambar injin da ta bodi su dace da abin da ke rubuce. In ka canja injin, ka riƙe rasit. Zumunci ya sha lalacewa a kan abin da bai kai mota ba.

Wani lokaci kuma ina zargin mai motar ne da kansa ba ya so a gama. Garejin ya zama majalisarsa ta Asabar. Ya je, a sayo shayi, a buɗe bonet, a yi hirar zamanin da ake zuwa Kaduna a karɓo sabuwa dal da leda a kujera. In motar ta tashi, hirar ta ƙare, kuma dole ya fuskanci gaskiya: tsohuwar mota ce mai shan mai, ba iyakwandishan, sitiyari sai da ƙarfi, kuma Baba ba ya ciki. Wannan ban ga laifinsa ba, in dai ya san abin da yake saya da kuɗinsa ke nan, kuma ba abincin gida yake taɓawa ba.

To shin akwai waɗanda suka tsira? Akwai, kuma abin mamaki ba su ne masu neman kamala ba. Ku dubi Kuba. Bayan juyin juya halin 1959 da takunkumin Amurka, sabbin motocin Amurka da kayan gyaransu suka daina shiga. Har yau Chevrolet da Ford na shekarun 1950 suna haya a titunan Habana, da yawansu da injin dizal na wata motar daban a ciki. Gyaransu bai taɓa ƙarewa ba, amma suna tafiya, suna ciyar da gida. Akwai kuma wani malamin makaranta Ba'amurke, Irv Gordon, da ya sayi Volvo P1800 sabuwa a 1966. Kafin ya mutu a 2018 ya yi tafiyar sama da mil miliyan uku da ita, ya shiga kundin Guinness. Abin da aka san shi da shi, canja mai a kan lokaci, gyara abu da zarar ya fara ƙara, da hawa kullum.

Don haka in kun tambaye ni, ga inda na tsaya. Kada ka kwance mota gaba ɗaya sai in kana da wurin ajiya naka mai rufi da ƙofa, da kuɗin aikin a hannu har da ninki. In ba haka ba, gyara ta tana tafiya. Birki da sitiyari da taya tukuna, don rai ya fi fenti. Sai injin ya daina zafi. Sai wuta. Kowane aiki a gama shi, a mayar, a hau mota a zaga gari, sannan a taɓa na gaba. Fenti shi ne ƙarshe, duk da na san shi zuciya take so a fara. Duk abin da za a cire, ɗauki hotonsa da waya kafin a taɓa, notuna a leda a rubuta sunan wurinsu, kuma ledar ta kwana a gidanka. Ka biya bakanike aiki-aiki, kada ka zube masa kuɗin shekara a rana ɗaya, shi ma jarabawa ka ɗora masa. Ranar da ya ce maka "tunda an riga an kwance," kada ka amsa a tsaye a gareji. Ce masa sai gobe. In abin ya shafi birki ne ko zai iya kashe injin, yi. In don kyau ne, rubuta shi a takarda ya jira layinsa.

Masu irin wannan mota a gida, ku turo mana hotonta, ku faɗi shekarar da aka ɗora ta a kan bulo da aikin da aka ce za a yi tun farko. Fijo ce, Boksuwaja ce, Marsandi ce, duk muna so. Makanikai ma ku yi magana, don na san kuna da naku labarin a kan masu mota, kuma za mu karanto shi a shiri na gaba in Allah ya kai mu.